Muciya a Bayan Ƙofa

Tun da muka tashi daga unguwar Nuzla zama bai karɓe ni ba. Ɗana ya kama mana shagga a unguwar Safa, wato ɗakuna a cikin dogon bene, irin wanda mutum ke kwana a saman kanka ba ka san ko daga wace ƙasa ya fito ba. Akwai na'urar sanyi, akwai ruwa a famfo ba sai an jira motar ruwa ba. Amma ni sai in tashi daga kujera in je taga, in baro taga in leƙa kicin, in sake dawowa. Surukata, wadda a nan Jidda aka haife ta, takan ce, "Ya Hajiya, halas, ya isa haka, ki huta mana." In ce mata hutu yana kabari. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan da kuke karantawa faɗa nake yi ana rubuta mini, na kuma ce kada a gyara mini baki.

Abin da ya daɗe yana hana ni sakat a bayan ƙofar ɗakina yake jingine. Muciya ce, tsawonta ya kawo mini ƙirji, hannun mata ya goge ta har tana sheƙi. Ba tawa ba ce, ta matan unguwa ce. A hannun wata tsohuwa Bagobira na tarar da ita lokacin da muka zo aikin Hajji da maigidana, Allah ya ji ƙansa, muka zauna ba mu koma ba. In aka yi rasuwa a cikin mutanenmu na Nuzla, tsohuwar nan ce ke tara mata. A fito da babbar tukunya cikin lungu, a ɗora, a tuƙa tuwon da zai ci da gidan mamaci da masu gaisuwa har kwana uku.

Tana da dokoki, kuma ba ta faɗar doka sau biyu. Ba a hura wuta a gidan rasuwa, ko ta ɗumamen yaro ce. Wanda aka yi wa mutuwa aikinsa haƙuri, ciyar da shi aikin maƙwabta. Ba a kuka a bakin tukunya. Mai jin hawaye ta je ta gama ta wanke fuska ta dawo. Mai muciya ba ta zama sai an sallami kowa, abincinta kuwa ƙanzon da ya rage a gindin tukunya. Sai wadda ta fi riƙewa: tukunya ɗaya ake ɗorawa. Akan rataye buhu a bayan labule a zauren tsohuwar, kowace mace ta shiga ita kaɗai ta zuba abin da ta zo da shi. Mai mudun gari ta zuba, mai cikin tafi na kuka ta ajiye, wadda ba ta da komai ta shiga ta ɗan daɗe ta fito tana kakkaɓe hannu. In an tambayi wa ya yi tuwon, amsa ɗaya ce: matan unguwa.

Ba a kama muciya daga sama. Da wankin tukunya ake farawa, sannan yankan albasa, sannan miya, sannan a yarda ki dama talge. Na daɗe ina shiga tukunyar nan har kafaɗa ina kankare ta kafin tsohuwar ta ko kalli inda nake. Ranar da ƙarfinta ya ƙare ta miƙo mini muciyar, ba ta yaba mini ba. Cewa ta yi, "Ke ce kika fi su rashin fara'a, ba wadda za ta zo ta lallashe ki ki karya doka." Na karɓa, ban kuma karya ba. An ce ina da tsanani. E, ina da shi. Babba juji ne, amma ba a ce ya zama tabarma ba.

Wadda na yi niyyar ba wa muciyar a bayana ƙawata ce, 'yar Damagaram, mai dariya kamar ana zazzage kwanuka. Ita ce ke tsayawa a damana, in hannuna ya gaji ta karɓa ba tare da tuwo ya ji an canza hannu ba. Sai aka zo aka shafa wa bangayenmu jan fenti. Ban iya karatu ba, amma wannan rubutun kowa ya karanta shi: a tashi, za a rushe unguwa. Ƙasa ta masu ita ce, ban da ta cewa. Muka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wasu suka koma gida Najeriya da Nijar, wasu suka bi 'ya'yansu unguwanni masu nisa. Ƙawata ta koma wurin 'yarta a Bani Malik. Babbar tukunya da ƙyar aka hau da ita saman benenmu, mai gadi ya rantse ba za a kunna wuta a can ba, doka ta hana. Tana nan a kife, tantabaru suna sauka a kanta.

Wata safiya aka bugo wa ɗana waya aka ce ƙawata ta cika. Ban yi kuka ba. Na naɗe muciya a cikin zane na fito.

"Inna, ina za ki da wannan?" in ji ɗana. "A can fa ko tukunyar da za ta shiga babu."

"Kai dai ja motarka."

Tun daga matakala na ji ƙanshin gahawa. Maza sun tafi jana'iza, mata sun cika falo. Ban tsaya gaisuwa ba na wuce kicin, na tarar da 'yar ƙawata tsaye a gaban wuta, idanunta sun kumbura, tana jiran ruwa ya tafasa. Yarinyar da aka haifa a gabana, uwarta ko sanyi ba ta gama yi a ƙasa ba.

"Kashe," na ce.

"Khala," ta ce, wato gwaggo, "Larabawan wurin aikinmu za su zo bayan magariba. Lazim, dole ne gahawa da dabino, in babu aibu ne."

"Uwarki ta ciyar da gidajen rasuwa fiye da gashin kanki. Ba za a ce ranar tata 'yarta ce ta tsaya a murhu ba."

Na kashe da kaina. Na sunkuya, gwiwoyina suna ƙara, na kwance kan tukunyar gas ɗin na jefa a jakata. Tulun dafa ruwa na lantarki ma na zare shi na ɗora a saman firji. Na ce gahawa a kai gidan maƙwabta.

"Ai kuwa maƙwabtan sun ji, Hajiya," in ji wata murya a bayana. "Sannu da zuwa. Ya haƙuri?"

Wata mace ce matsakaiciya mai tabarau, ba ta kai sa'ar ɗana ba. Aka ce mini nas ce, 'yar Zariya, asibiti ya ɗauko ta aiki, ƙofarta ce ke kallon ta mamaciya. Ta tattara butocin gahawa ta rungume. Ta ce kada in damu da abinci, tun da asuba ta sanar a guruf ɗin mata na waya, kowa za ta dafa a gidanta ta kawo. Ta kalli abin da ke naɗe a hannuna ta ce, "Wannan kuma sanda ce ta korar waɗanda suka ƙi cin abinci?" Ban yi dariya ba. Na jingine muciya a lungun falo, na tsaya.

Bayan la'asar kuloli suka fara shigowa. Ba zan yi ƙarya ba, abinci ya wadata. Amma kowace kula da sunan mai ita take shigowa. Matar wani injiniya ta zo da manyan tire na shinkafa da kaji, direba yana biye da ita, ana ta cewa, "Masha Allah, daga gidan injiniya." Wata ta kawo farfesu, aka ce daga gidan wance. Aka jera su a bakin ƙofa kamar kayan lefe, kowa ya shigo sai ya tsallake su ya ƙare musu kallo.

Da yake ba na zama, a bakin matakala nake lokacin da mai gyaɗa ta hawo. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce a Nuzla, gyaɗa da aya take kasawa a bakin titi, idonta ɗaya a kan ciniki ɗaya a kan hanya, don ba ta da iƙama, takardar izinin zama. A da takan shiga bayan labule ta fito kamar kowa, in aka zo tuƙi kuma ba wadda ta fi ta ƙarfin dantse. Na ga ta da 'yar tukunya ɗaure a tsumma. Ta tsaya ta dubi tiren kajin nan. Sai ta tura tukunyar ƙarƙashin abayarta, ta leƙa ta yi gaisuwa daga tsaye, ta juya.

Na bi ta ina dafa bango, na cim mata a tsakiyar bene.

"Ke, tsaya. Me ke ƙarƙashin abayar nan? Ciki ne da tsufanki?"

"Kai, Yaya, ba ki canza ba." Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta kai ido ba. "Garau-garau ce. Man ma bai ishe ta ba. Ina ni ina ajiye ta kusa da waɗancan? A ce daga gidan wa?"

"Marigayiya ba ta taɓa cin garau-garau ba ne?"

"Ta ci, har takan zo ta roƙa. Amma yau ba ita za ta ci ba."

Na karɓe tukunyar, da sauran zafinta. Ban koma gidan rasuwa da ita ba, ƙofar nas na tura. Tana tsaye tana tace gahawa. Na dire tukunyar a gabanta, na faɗa mata abin da na gani a matakala, ban rage ba. Na ce wannan abin da ta shirya ba ciyarwa ba ne, baje koli ne. Na ce a Nuzla tukunya ɗaya muke ɗorawa don kada a san hannun wa ya fi na wa.

Na ɗauka za ta sunkuyar da kai. Ina! Ta ajiye butar ta fuskance ni.

"To Hajiya, ina tukunyar? Ina lungun da za a ɗora ta? Ki nuna mini benen da za a bar mu mu kunna wuta a tsakar gida. Waccan tana Safa, waccan sai ta hau mota biyu, ni kaina anjima zan koma aiki. Kafin in fara wannan, kin san abin da ake yi? Waya ake bugawa gidan abinci a kawo mandi, shinkafar nan da nama, wanda aka yi wa rasuwa ya biya da kansa. Wanne ya fi?"

"Kina da baki," na ce.

"Gado na yi. Kuma tun da an buɗe magana, Hajiya, matan Nuzla sun ba ni labarinki. Sun ce akwai waɗanda suka so shiga aikin nan suka fasa, don ba za su iya shekara da shekaru suna wankin tukunya ana harararsu ba."

"Waɗannan da ma ba su da rabo. Gara a ji tsorona a rufa wa mai gyaɗa asiri."

Gahawa tana tsiyaya. Ta buɗe 'yar tukunyar ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Buhun ba zai dawo ba. Amma labule ai ƙofa ce." Ta ɗauki wayarta ta yi magana a ciki, da Hausa, ta maimaita da Larabci don 'ya'yan da aka haifa a nan. Ta ce daga yanzu ba a kai abinci ƙofar mamaciya. Kowa ta kawo nata gidanta, ta shigo ita kaɗai ta ajiye a kicin ta fita. Ita za ta juye a tirenta, kuloli kuma a zo a ɗauka daga baya a wanke.

Ba haka tsohuwa ta koya mini ba. Tuwon hannu goma ba ya zama tuwo ɗaya, wani ya yi tauri, wani ya yi ruwa, miyar wata gishiri kamar an ɗebo daga bahar. Na faɗa mata hakan. Ta ce, "Na ji, Hajiya. Riƙe mini wannan tiren."

Washegari haka aka yi. Na tsaya a ƙofarta kamar dogari, ba mai shiga sai ta ciki ta fito. Matar injiniya ta ɓata rai da na ce direbanta ya ajiye daga waje, ta ɗauka da kanta. Mai gyaɗa ta zo da tukunyarta a fili, ta shiga ta fito tana kakkaɓe hannu, ta kalle ni, na kau da kai. Da aka fitar da abinci, kowane tire akwai kaza a gefe, akwai malmalar tuwo, akwai garau-garau da yaji. Ina kallo matar injiniya ta ture kazar ta kai hannu kan garau-garau, ta ce rabonta da irin wannan tun tana gida, wa ya dafa? Kafin in buɗe baki nas ta ce, "Matan unguwa." Ban san wa ya gaya mata amsar ba. Ni dai ban gaya mata ba.

Kwanakin nan ido na sa wa nas ɗin, don ni aikina ke nan. Na ga kurakurai. Tana yawan dariya a wurin da ba na dariya ba. Takan zauna kafin a sallami mutane. Da na yi magana ta ce a asibiti tsaye take wuni, ƙafafunta ba na haya ba ne. Amma na ga ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a kan kulolin mutane tana wankewa, har da 'yar baƙar tukunyar mai gyaɗa, wadda ta kankare gindinta da waya kamar tata. Na kuma ga abin da ta ci: guntun da ya manne a tire, a tsaye, bayan kowa.

Ranar uku da aka watse, na mayar wa 'yar ƙawata kan gas ɗinta na ɗaura mata da hannuna, na ce yanzu ta iya dafa abin da ta ga dama. Sannan na ɗauko muciya na tsallaka gidan nas.

"Ungo."

Ta ja da baya. "Hajiya, rufa mini asiri. Me zan tuƙa da ita? Babbar tukunyata ko kanta ba za ta ɗauka ba."

"Ban ce ki tuƙa ba. Cewa na yi ki riƙe."

"Ni fa baƙuwa ce. Kwantiragi ya kawo ni. Ranar da kafili, uban aikina, ya ce halas, sai jirgi."

"Wadda ta ba ni ita ko takarda ɗaya ba ta taɓa mallaka ba a garin nan. Wace ce ba baƙuwa ba a cikinmu? In tafiya ta zo, ki nemi wadda ta fi su taurin kai ki ba ta."

"Ban wanke tukunya ba fa. Kada matan Nuzla su cinye ni."

"Kula ba tukunya ba ce, amma na gani. In sun yi magana ki turo su wurina."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ashe da nauyi. Na ce saura sharaɗi ɗaya, kuma shi ne ya kawo ni. Ranar da aka ce mata tawa ta zo, kada ta aika kowa. Ta je Safa da ƙafarta ta kwance kan gas ɗin surukata, don na san yarinyar nan, kirki gare ta, za ta ce lazim gahawa. Ta ce, "Allah ya ja da ranki, Hajiya." Na ce ba addu'a na tambaya ba. Ta ce ta yi alkawari.

Ban ce na sami natsuwa ba. Bayan ƙofata ya zama wayam, nakan kai hannu wurin in ji bango. Na ji labari ta rataye muciyar a falo kamar hoton Ka'aba, na sa aka buga mata waya na ce ta sauke, a bayan ƙofa ake jingine ta, kai sama. Har yanzu daga kujera sai taga, daga taga sai kicin.

Ba a daɗe ba aka yi wata rasuwar, mijin wata da muka zauna a Nuzla. Ba ni aka fara gaya wa ba, wannan ya ɗan sosa mini rai. Da ɗana ya kai ni, na ga ba kula ko ɗaya a bakin ƙofa, sai mata suna shiga gidan da ke kusa ɗaya bayan ɗaya. Na yi sallama na wuce kicin yadda na saba. Ba kowa a ciki, murhu da sanyi. Na sunkuya na laluba tukunyar gas. Babu kan.

Na fito na tsaya a tsakiyar falo ban san inda zan sa kaina ba. Ba tukunya, ba ƙofar da zan tsare, an sa wata. Mai gyaɗa ta matsa ta buga tabarma kusa da ita ta ce, "Zauna mana, Yaya, kin tsaya wa mutane a ka kamar mai bin bashi." Na zauna. Rabona da zama a gidan makoki tun kafin a haifi ɗana. Aka miƙo mini ɗan kofin gahawa, na riƙe ban sha ba. Sai na ji dariyar 'yar Damagaram a kunnena, yadda takan ce in ba ta muciya kafin in tuƙa da fushi tuwo ya yi ɗaci. Matar da aka yi wa rasuwa ta ɗauka mijinta nake yi wa kuka, ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri. Na bar ta a haka.

Da aka kawo tire na ɗanɗana miyar. Gishiri ya yi yawa. Na aika a gaya wa mai muciya.